Kafin Najjashi: Yadda Kiristanci Ya Samu Gindin Zama a Ƙasar Aksum

Da wuya a samu Bahaushen da ya zauna gaban malamin sira bai ji labarin Najjashi ba. A shekarar 615 miladiyya, da tsanani ya yi yawa a Makka, Annabi (SAW) ya umarci wasu sahabbansa su ƙetare Bahar Maliya zuwa ƙasar wani sarki da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Sauran labarin a bakin kowa yake: Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam a fada, sarki ya zubar da hawaye, jakadun Ƙuraishawa suka koma da kyaututtukansu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ita fadar kanta. Limaman nan da suka kewaye sarki da littattafansu a buɗe, daga ina suka samo addininsu? Ranar da Ja'afar ya tsaya a gabansu, Kiristanci ya doshi shekara 300 a gidan sarautar ƙasar.

Mu nan Arewa, ta hannun 'yan mishan muka san Kiristanci, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, shi ya sa da yawa ke ɗaukarsa kayan Bature. Tarihin Aksum, daular da Najjashi ya mulka, bai yarda da haka ba. Sarkinta ya karɓi addinin a tsakiyar ƙarni na 4, tun kafin daular Rum ta mayar da shi addinin hukuma a 380, kuma wajen shekara 250 kafin Paparoma ya tura mai wa'azi wurin kakannin Ingilawa a 597. Amma zuwa da wuri ba shi ne abin mamaki ba. Yankin Aljeriya da Tunisiya na yau ya riga Aksum, ya fi ta yawan bishop-bishop da malamai, duk da haka Kiristancinsa ya shuɗe. Na Aksum ya zauna, kuma dalilin zamansa yana cikin al'adun da ya tarar da yadda ya bi da su.

Aksum gari ne a kan tudun Tigray, arewacin Habasha ta yau, sama da mita 2,000 daga doron teku. Daular da ta ci sunansa ta haɗa da tsaunukan Eritriya har zuwa gaɓar Bahar Maliya, inda tashar jiragen ruwa ta Adulis take. A ƙarni na 1 wani ɗan kasuwa daga Masar ya rubuta wa matuƙa jirgi jagora cikin Girkanci, tasha bayan tasha, ya ce daga Adulis zuwa Aksum tafiyar kwana 8 ce. Ya lissafa abin da ake saya: hauren giwa, ƙahon karkanda, ƙoƙon kunkuru. Ya lissafa abin da ake saukewa: yadi, gilashi, tagulla, ƙarfe, ɗan ruwan inabi da man zaitun. Har sarkin ƙasar bai tsira daga alƙalaminsa ba. Sunansa Zoskales, in ji shi, mutum mai maƙo da son tarawa, amma mai mutunci, kuma ya iya Girkanci. A riƙe wannan na ƙarshen, domin za a ga amfaninsa.

Zuwa ƙarni na 3 arziƙin ya kai inda Mani, wanda ya kafa addininsa a ƙasar Farisa, ya sa Aksum cikin manyan dauloli 4 na duniya, a jeri ɗaya da Rum da Farisa. A ƙarshen ƙarnin kuma sarki Endubis ya fara buga kuɗin kansa, na zinare da azurfa da tagulla, bisa ma'aunin Rumawa, da rubutun Girkanci. An tsinci kuɗin Aksum a Yaman da Indiya, an kuma tsinci zinaren sarakunan Kushan na arewacin Indiya a cikin Tigray.

Wannan fuskar da ke kallon teku ke nan. Akwai wata mai kallon cikin gida, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. A Yeha, gabas da Aksum, har gobe bangon wani haikali yana tsaye, na sassaƙaƙƙun duwatsu da aka jera ba tare da kwaɓi ba, wanda aka gina wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) domin Almaƙah, abin bautar mutanen Saba'u. Turawan farko da suka yi nazarinsa sun yi saurin cewa Larabawan Yaman ne suka kawo wa Afirka wayewa. Tonon da aka yi daga baya ya nuna manoma da makiyaya 'yan ƙasa sun daɗe a wurin da tukwanensu da hatsinsu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne gaɓar nan biyu maƙwabta ne tun fil azal, ana auratayya, ana ciniki, ana aron haruffa da sunayen alloli. Mutanen Aksum suna bauta wa Astar na sama, da Meder na ƙasa, da Beher, sai kuma Mahrem, ubangidan yaƙi, wanda sarki ke kiran kansa ɗansa.

Wanda ke son ya ga ƙarfin tsohon addinin, ya dubi dogayen duwatsun da aka kafa a maƙabartar sarakuna. Kowanne dutse ɗaya ne tal, an sare shi daga tsauni mai nisan kilomita kaɗan, aka jawo shi. An sassaƙa jikinsa kamar bene mai hawa-hawa: ƙofa a ƙasa wadda ba ta buɗuwa, har da hannun ƙofar, sai jerin tagogi, da kawunan azara suna leƙowa kamar yadda suke a ainihin gidajen attajiran garin. A gindinsa akwai faifan dutse mai ramuka inda ake zuba hadaya. Mafi girmansu ya kai mita 33, nauyinsa ya haura tan 500, da hawa 13. Yana kwance a kakkarye, kuma masana da dama suna ganin tun wajen ɗaga shi ya faɗi. Na biye da shi, mai mita 24, sojojin Italiya suka kwashe zuwa birnin Rum a 1937, sai a 2005 aka dawo da shi, aka sake kafa shi a 2008. Bayan ƙarni na 4 ba a ƙara sassaƙa irinsu ba. Dukiyar da ake zubawa a kan kabarin sarki ta koma ginin coci.

Labarin yadda addinin ya shigo, wani malamin coci mai suna Rufinus ne ya rubuta shi wajen shekarar 402, ya ce daga bakin mai shi ya ji. Wani masani daga Taya, a Labanon ta yau, ya yi tafiya da yara biyu 'yan uwansa, Furumentiyus da Edesiyus. A hanyar dawowa jirginsu ya tsaya shan ruwa a wata tasha, mutanen gari suka far musu suka kashe kowa, saboda yarjejeniyarsu da Rumawa ta lalace a lokacin. Yaran kaɗai aka bari, an same su a gindin bishiya suna bitar karatunsu. Aka kai su fada. Edesiyus ya zama mai miƙa wa sarki abin sha, Furumentiyus ya zama magatakarda mai riƙe da lissafi. Da sarki ya rasu ya bar ƙaramin yaro, uwar yaron ta roƙe su su taya ta riƙon ƙasa. A nan ne Furumentiyus ya shiga neman Kiristocin da ke cikin fataken Rumawa, ya ba su fili da kayan gini su yi wurin addu'a. Da yaron ya girma, Edesiyus ya koma Taya ya zama limamin coci, inda Rufinus ya haɗu da shi. Furumentiyus kuwa ya nufi Iskandariya ya ce wa babban bishop Atanasiyus a tura wa mutanen nan makiyayi. Atanasiyus ya ce wa ya fi ka, ya naɗa shi ya mayar da shi. Habashawa suna kiransa Abba Salama.

Labarin yana da ƙamshin tatsuniya, musamman wajen yara a gindin bishiya, kuma Rufinus bai ma ambaci Aksum ba, Indiya ya kira ƙasar, kamar yadda Rumawa kan jefa duk abin da ke bayan Bahar Maliya cikin wannan suna. Abin da ya tabbatar da ƙashin bayansa wata wasiƙa ce da za mu zo kanta. Amma a lura da abin da labarin ya faɗa ba da niyya ba: kafin a yi bishop, kafin sarki ya tuba, akwai Kiristoci a ƙasar, 'yan kasuwa. Furumentiyus tattara su ya yi, ya ba su inuwar fada. Shi kuma baban nan na Habasha, wato dandaƙaƙƙen bafade, da Littafin Ayyukan Manzanni na cikin Littafi Mai Tsarki ya ce Filibus ya yi wa baftisma, ma'ajin sarauniya Kandakatu ne, wannan kuwa sarautar Merowe ce a Sudan ta yau, ba ta Aksum ba, ko da yake ikkilisiyar Habasha tana ƙirga shi cikin nata.

Yaron da aka yi wa riƙo shi ne Ezana, kuma a kansa ne hujjoji suka fi yawa, domin mutum ne mai son rubuta nasarorinsa a dutse. A rubutunsa na farko-farko shi ɗan Mahrem ne wanda ba a cin sa da yaƙi. Ɗaya daga ciki, wanda aka rubuta da Girkanci da Gi'iz, harshen ƙasar, da kuma haruffan Saba'u, ya ba da labarin yadda ya tura ƙannensa suka murƙushe ƙabilar Beja, suka taso sarakuna 6 da mutum 4,400, aka ciyar da su a hanya, aka sake musu matsuguni. Godiyar da ya yi wa Mahrem ita ce gumaka: ɗaya na zinare, ɗaya na azurfa, 3 na tagulla. Kuɗinsa na lokacin suna ɗauke da hotonsa tsakanin zangarniya biyu, a samansa jinjirin wata rungume da ɗan da'ira. Sai ga wasu kuɗin, sarki ɗaya, hoto ɗaya, zangarniya na nan, amma jinjirin watan ya ɓace, gicciye ya maye gurbinsa. Aksum na cikin dauloli na farko a duniya da suka buga gicciye a kan kuɗi.

Inda lamarin ya yi daɗi shi ne yaƙinsa da mutanen Noba, can wajen kogin Nilu. An samu rubutu biyu a kansa. Na Girkanci ya fito ɓaro-ɓaro: da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sarki kuma bawan Almasihu ne. Na Gi'iz, harshen da mutanen gari ke ji, bai ambaci Almasihu ba ko sau ɗaya. Ubangijin Sama yake cewa, Ubangijin Ƙasa, Ubangijin Kowa. Wasu masana sun ce wannan mataki ne: Ezana ya fara barin gumaka ya koma ga Allah ɗaya, daga baya ya zama cikakken Kirista. Wasu sun ce a'a, lokaci ɗaya ne, masu sauraro ne biyu. Ni na fi karkata ga na biyun. Mutumin da ya saba jin Astar na sama da Meder na ƙasa, in ya ji Ubangijin Sama da Ƙasa ba zai zabura ba. Hakimai da sarakunan yaƙi waɗanda ikonsu ke jingine da tsofaffin wuraren bauta ba za su ga an ci musu fuska a bainar jama'a ba. Baƙon da ya sauka a Adulis kuwa zai karanta Girkancin ya koma gida da labarin cewa sarkin Aksum ɗan uwa ne. Ko a kan ƙananan kuɗin tagulla da suka biyo bayan sauyin, waɗanda talaka ke cefane da su, an kewaye gicciyen da wata jimla mai taushi: bari wannan ya yi wa ƙasa daɗi. Wannan lafazin mai lallashi ne, ba na mai tilastawa ba.

To don me ya tuba? Masu cewa siyasa ce zalla suna nuna cewa sarkin Rum Konstantin ya riga ya rungumi addinin, Rum kuwa ita ce babbar kasuwar hauren giwa. Da gaskiyarsu, ruwa ba ya tsami banza. Sai dai wasiƙar nan da na ambata ta rage wa wannan magana kaifi. Wajen 356 sarkin Rum Konstantiyus na II, wanda ya karkata ga ɓangaren Ariyus mai cewa Ɗa halitta ne ba daidai yake da Uba ba, ya kori Atanasiyus daga Iskandariya ya ɗora nasa mutumin. Sai ya rubuta wa Ezana da ɗan uwansa Saizana cewa su turo Furumentiyus Masar a sake tantance aƙidarsa, tunda korarre ne ya naɗa shi. Atanasiyus da kansa ya adana wasiƙar a cikin rubutunsa na kare kai. Dukkan alamu sun nuna Ezana ya yi kunnen uwar shegu da ita, ikkilisiyarsa kuma ta ci gaba da bin koyarwar Atanasiyus. Wanda ya shiga addini don faranta wa Rum kawai, da ya bi umarnin mai mulkin Rum.

Tubar fada daban, ta ƙauye daban. A Beta Samati, wani kufai da ke tsakanin Aksum da teku, masu tono sun gano coci mai tsarin ginin Rumawa wanda suka danganta da ƙarni na 4, aka sanar da sakamakon a 2019. A cikinsa da kewayensa an samu abin wuya na dutse mai gicciye, an kuma samu 'yan gumakan shanu na yumɓu da zoben zinare mai hoton kan sa. Tsoho da sabo sun daɗe suna cin tuwo a akushi ɗaya. Waɗanda suka kai addinin lungu-lungu su ne 'yan zuhudu da suka iso a ƙarshen ƙarni na 5, waɗanda ake kira Tsarkaka Tara. Ba su zauna a fada ba, kan duwatsu suka hau, sau da yawa a daidai wuraren da mutane suka saba girmamawa. Haikalin Yeha da kansa coci aka mayar da shi. Ɗaya daga cikinsu, Abba Aregawi, ya kafa gidan zuhudu a Debre Damo, kan wani tsauni mai shafaffen kai, wanda har yau ba a hawansa sai da igiyar fata mai tsawon kimanin mita 15, kuma maza kaɗai.

Babban aikin da ya kafe addinin shi ne fassara. A daidai zamanin Ezana rubutun Gi'iz ya yi wani sauyi da 'yan uwansa na Larabawan kudu ba su yi ba: ya tashi daga babbaƙu ya koma farfaru, sai dai shi wasalin a jikin baƙin ake manna shi, da ɗan ƙugiya ko ɗan zobe ko gajarta ƙafa, ta yadda kowane harafi gaɓa ce cikakkiya. Da wannan rubutu aka juya Littafi Mai Tsarki daga Girkanci. A gidan zuhudun Abba Garima kusa da Adwa akwai littattafan Linjila na fata, da zanen tsuntsaye da na marubutan Linjila cikin launuka masu haske, waɗanda gwajin kimiyya ya sa shekarunsu tsakanin wajen 390 da 660. Suna cikin mafi tsufan Linjila masu zane da suka rage a duniya. Littafin Anuhu da na Yubili, waɗanda sauran ikkilisiyoyi suka ajiye gefe har suka ɓace musu, a Gi'iz kaɗai suka tsira cikakku. Ga kuma waƙar coci da ake dangantawa da Yared na ƙarni na 6, da ganga da kacau-kacau da sandar dogarawa, abin da ba a san shi a cocin Rum ba. A arewacin Afirka Latin ne harshen coci, bai sauka zuwa harshen Barbar yadda ya kamata ba. A nan kuwa manomi ya ji addu'a da harshen uwarsa.

Akwai al'adun da ke ɗaure wa baƙo kai: kaciya ranar 8, ƙin naman alade, girmama Asabar tare da Lahadi, cire takalmi a ƙofar coci, da tabot, allon da ke wakiltar akwatin alkawari, wanda in babu shi gini bai zama coci ba. Habashawa suna da amsarsu a cikin Kebra Nagast, littafin ƙarni na 14, wanda ya ce Menelik ɗan Annabi Sulaiman da sarauniyar Saba'u ne ya kawo akwatin Aksum. Masana tarihi sun rabu: wasu na ganin tasirin Yahudawan kudancin Larabawa, wasu na ganin ikkilisiya ce da ta ɗauki Tsohon Alkawari da gaske har ta ɗauki kanta sabuwar Isra'ila. Amsar da ta fi burge ni ta sarki Galawdewos ce, a 1555, lokacin da limaman Katolika daga Fotugal suka zarge su da Yahudanci. Ya ce kaciyarsu al'adar ƙasa ce, kamar tsagar fuska da hujin kunne a wurin wasu al'ummai.

A ƙarni na 6 Aksum ta fito a matsayin mai kare Kiristocin yankin da takobi. A 523 sarkin Himyar na Yaman, Yusuf wanda Larabawa ke kira Zu Nuwas, mai bin addinin Yahudu, ya karkashe Kiristocin Najran, abin da malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da mutanen rami na Suratul Buruj. Wajen 525 sarki Kaleb ya ƙetare teku da jiragen yaƙi, da goyon bayan sarkin Rum Jastin na I, ya kawar da shi ya naɗa wakili. Addini na ciki, amma hanyar fatauci zuwa Indiya da gabar Rum da Farisa ma suna ciki. Ribar ba ta daɗe ba. Wani kwamandan rundunar, Abraha, ya ƙwace mulkin Yaman ya tsaya da ƙafarsa, ya gyara madatsar ruwa ta Ma'arib, ya gina babban coci a San'a. Shi ne na Suratul Fil. Wajen 570 zuwa 575 Farisawa suka karɓe Yaman, Aksum ta rasa ɗaya gaɓar.

Daga nan sai gangara. A cikin ƙarni na 7 aka daina buga kuɗi. Cinikin Bahar Maliya ya koma hannun Musulmi, Adulis ta zama kufai, ƙasar noma da ke kewaye da babban birnin ta gaji saboda saran itace da zaizaya, sarauta ta yi kudu. Daular ta tafi, ikkilisiya ba ta bi ta ba, domin ƙarfinta ba a fada yake ba, yana kan duwatsu wurin 'yan zuhudu masu gonakinsu da makarantunsu.

Igiya ɗaya ce ta rage tsakaninta da waje, wadda Furumentiyus ya ƙulla ranar da ya zaɓi Iskandariya. Da aka rabu a taron bishop-bishop na Kalsidon a 451 kan ko Almasihu yana da ɗabi'a biyu ne ko ɗaya haɗaɗɗiya, Aksum ta bi Ƙibɗawan Masar, shi ya sa ikkilisiyar take amsa sunan Tewahedo, wato haɗaɗɗiya, ba ta tare da Rum ko Kustantiniya. Shugabanta, Abun, kullum Bamisire ne da ake aikowa, sau da yawa bai jin harshen ƙasar, wani lokaci shi kaɗai ne bishop a faɗin daular. Bayan Musulmi sun ci Masar a 641, sai sarkin Habasha ya aika wa mai mulkin Masar kyaututtuka kafin a saki sabon Abun, kujerar kuma takan yi shekaru babu kowa, a rasa mai naɗa limamai. Har wata doka aka jingina wa taron Nikiya na 325, wadda taron bai san da ita ba, mai hana Habashawa naɗa nasu. Tsarin ya yi wa sarakuna daɗi ta wani gefe, tunda baƙo marar dangi ba ya tara rundunar tawaye, ragamar yau da kullum kuma tana hannun shugabannin gidajen zuhudu. Haka aka tafi shekara kusan 1,600. Sai a 1951 aka naɗa Bahabashe na farko, Basiliyos, kan kujerar, a 1959 kuma, bayan matsin lambar Haile Selassie, Ƙibɗawa suka amince ya zama uban ikkilisiya mai cin gashin kanta. Eritriya, inda kufan Adulis yake, ta samu nata a 1998, shi ma a Alƙahira aka naɗa shi, da hannun shugaban Ƙibɗawa Shenuda na III.